Da Bature Bai Zo Ba, Da Sinawa Sun Yi Jamhuriya?

Akwai wata magana da na sha ji a majalisun hira a Kano da Kaduna, na kuma tabbata ku ma kuna jinta a Ikko da Badun da Anacha. Da zarar an taɓo zancen zaɓe, sai wani wanda ya taɓa zuwa Guwanzu sarin kaya ya gyara zama ya ce a dubi ƙasar Sin. Ba tarin jam'iyyu, ba yawon neman ƙuri'a, amma ga jiragen ƙasa kamar walƙiya, ga masana'antu ba iyaka. Daga nan sai ya yanke hukunci, wai jamhuriya rigar Bature ce, Sinawa kuwa mutanen sarauta ne tun fil azal, shi ya sa da suka gwada ta suka ga ba ta yi musu daidai ba.

Ni dai ban yarda ba. A ganina Sinawa sun zo bakin ƙofar jamhuriya fiye da sau ɗaya tun ba su san akwai wata ƙasa wai ita Amurka ba. Abin da ya hana su shiga kuwa ana iya nuna shi da yatsa: a hannun wa kuɗi da takobi su ke, kuma daga akushin wa masu ilmin ƙasar ke cin tuwo.

Mu fara da kalmar ita kanta. Sinawa suna ce wa jamhuriya gonghe, tana kuma cikin cikakken sunan ƙasarsu tun 1949. Ba daga bakin Turawa aka aro ta ba. A shekarar 841 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen babban birnin daular Zhou suka gaji da Sarki Li. Ya mai da moriyar daji da rafi tasa shi kaɗai, ya kuma sa wani boka yana yi masa leƙen asirin masu kushe shi, wanda duk aka kawo sunansa a kashe. Har ta kai in mutum biyu suka haɗu a hanya ba sa gaisawa, sai kallon juna. Wani babban hakiminsa ya gargaɗe shi cewa toshe bakin jama'a ya fi datse kogi hatsari, bai ji ba. Ranar da aka tasam ma fada, da ƙafarsa ya tsira. Shekara 14 aka yi ba sarki a kan gado.

Sima Qian, babban marubucin tarihinsu, ya ce hakimai biyu ne suka riƙe ƙasar tare, shi ya sa aka kira zamanin gonghe, watau haɗuwa cikin jituwa. Wani tsohon kundi da aka rubuta a kan gora ya ce mutum ɗaya ne, hakimin Gong mai suna He, ya yi riƙon ƙwarya, masana da yawa na yanzu kuma sun fi karkata nan. Ko ma wanne ne, da malaman Japan suka rasa kalmar da za su fassara mulkin da ba sarki a ƙarni na 19, wannan suka ɗauko, daga wurinsu ta koma gida. Amma kada mu yaudari kanmu. Da Sarki Li ya mutu a gudun hijira a shekarar 828, ɗansa aka naɗa, ba wanda ya ce a ci gaba ba sarki. Hakiman nan sarautarsu daga gidan sarki ta fito, ba za su sare reshen da su ke zaune a kai ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne koyarwar Mengzi, mabiyin Konfushiyas, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. A wurinsa jama'a ne a gaba, sarki ne a ƙarshen layi, wanda kuma ya kashe azzalumin sarki bai kashe sarki ba, tun da zalunci ya riga ya tuɓe shi. Sinawa sun yi imani sarki yana mulki ne da abin da su ke kira izinin Sama, in ya lalace a janye izinin. Wannan magana ce babba, yara kuma sun yi ta haddace ta a makarantu ɗaruruwan shekaru. Sai dai tana da rami a tsakiyarta. Wa zai ce an janye izinin? Ba majalisa, ba alƙali, ba ranar da aka ajiye don a tambayi jama'a. Sai an yi yaƙi, wanda ya ci shi ne Sama ta zaɓa. Watau suna da hujjar korar mugun sarki, amma hanyar korarsa guda ce, jini. Wani sarkin ƙasar Yan mai suna Kuai ya taɓa gwada miƙa mulki ga wazirinsa maimakon ɗansa, don koyi da sarakunan farko da aka ce haka suka yi. Ƙasar ta yamutse, maƙwabciyarta Qi ta mamaye ta a shekarar 314 kafin haihuwar Annabi Isa. Sarakunan baya sun riƙe wannan darasi da kyau.

Daga shekarar 221 kafin haihuwar Annabi Isa, da Sarkin Qin ya haɗe ƙasar wuri guda, sai aka kau da hakimai masu gado, aka raba ƙasa larduna, sarki ke aika gwamna ya kuma janye shi. Ku lura da wannan. A Ingila majalisa ta tsiro ne daga manyan masu ƙasa da attajiran birane, mutanen da ke da dukiyarsu da dakarunsu, waɗanda za su iya ce wa sarki ba za mu biya ba sai ka saurare mu. Haka suka tilasta wa Sarki John sa hannu a takardar alkawari a 1215. A Sin irin waɗannan mutane sun yi ta raguwa, malamai suka maye gurbinsu. Yaro ya yi karatu, ya ci jarrabawar gwamnati, a ba shi muƙami. An yi fiye da shekara dubu ana haka, sai a 1905 aka soke jarrabawar. Turawa ma sun yaba wannan tsari tun kafin su soma nasu.

To, su malaman nan fa, ba za su iya zama majalisa ba? A zamanin daular Song sun kusa. A 1071 wani dattijon fada, Wen Yanbo, ya gaya wa Sarki Shenzong a gaban idonsa cewa da malamai ya ke mulkin ƙasa, ba da talakawa ba. Rabin maganar abin sha'awa ne, don ya nuna sarki ba shi kaɗai ba ne. Ɗaya rabin kuwa ya tona asirin irin jamhuriyar da za su kafa in an bar su. Duk da haka, da an ɗore a kan wannan tafarki, ba abin mamaki ba ne a wayi gari sarki ya zama na ado, waziri da majalisar malamai ke aiki. Sai Mongol suka zo suka ƙarasa daular a 1279. Da Sinawa suka karɓe ƙasarsu a 1368, wanda ya kafa daular Ming, Zhu Yuanzhang, ɗan talakawa ne da ya taɓa yin bara, amma da wuya a sami sarkin da ya fi shi tsoron a raba mulki da shi. A 1380 ya kashe wazirinsa, ya soke kujerar waziri ɗungum, ya bar wasiyya kada wani jikansa ya maido ta. A 1394 ya sa aka tace littafin Mengzi aka cire wurare 85 da ba su yi masa daɗi ba. Sarki ba ya ɓata lokacinsa a kan littafin da ba ya tsoro.

A ƙarƙashin Ming malami yana da ikon yi wa sarki nasiha, sarki kuma yana da ikon sa a kwantar da shi a farfajiyar fada a yi masa bulala. Wani ma'aikacin baitulmali mai suna Hai Rui, kafin ya aika wa Sarki Jiajing takardar da ya zayyana laifuffukansa, sai da ya sayi akwatin gawarsa, ya yi sallama da iyalinsa. An jefa shi kurkuku, mutuwar sarkin ce ta fito da shi. Jarumi ne, ba shakka. Amma ƙasar da sai mutum ya tanadi likkafani kafin ya faɗi gaskiya, ba ta da majalisa ke nan.

Inda na ke ganin ƙofa ta fi buɗewa shi ne ƙarshen zamanin Ming. Sarki Wanli ya yi fushi da fadawansa a kan zancen wanda zai gaje shi, ya yi shekaru fiye da ashirin ba ya fitowa zaman fada. A kudu kuwa, a ƙasar bakin kogin Yangtze, arziki ya yalwata, ana saƙar siliki da auduga, azurfa tana shigowa daga Japan da Manila, ana buga littattafai kamar me. A 1604 wasu malamai suka farfaɗo da makarantar Donglin a garin Wuxi, suna taruwa suna tattauna al'amuran mulki, suna faɗin wanda ya cancanci muƙami da wanda bai cancanta ba. Wani baba na fada, watau dandaƙaƙƙen bawan sarki, mai suna Wei Zhongxian, ya murƙushe su a 1625 da 1626. A 1629 magadansu suka kafa ƙungiyar Fushe, mai 'ya'ya dubbai a larduna da dama. In wannan ba jaririyar jam'iyya ba ce, ban ga sunan da za a ba ta ba.

Cikin waɗanda Wei ya kashe a kurkuku akwai mahaifin wani saurayi, Huang Zongxi. Huang ya girma ya ga faɗuwar Ming, ya yi yaƙi da Manchu da suka shigo daga arewa, ya sha kashi, ya koma gida ya ɗauki alƙalami. Littafin da ya gama wajen 1663 shi ne babbar shaidata. Ya ce asali jama'a ne masu gida, sarki baƙo ne da aka ɗauka aiki, amma sarakuna suka juya abin suka mai da ƙasa gonar gadonsu. Ya ce doka ta fi mutumin kirki muhimmanci, kuma dokar da aka yi don tsare gidan sarauta ba doka ba ce. Ya nemi a maido da waziri mai cikakken iko. Sa'an nan ya kawo shawarar da ta fi kowace: makarantu su zama wurin yanke abin da ke daidai da abin da ba daidai ba. Kowane wata sarki da fadawansa su je babbar makarantar ƙasa su zauna a sahun ɗalibai, shugaban makarantar ya faɗi kurakuran gwamnati ba tsoro. A gundumomi ma haka, malamai su tuhumi mai mulkin gari. Wannan fa kusan shekara 30 ke nan kafin John Locke ya fitar da nasa littafin a Ingila, shekara kusan ɗari kuma kafin na Rousseau a Faransa.

Yanzu mu yi da-a-ce. A 1644 'yan tawaye suka ci Beijin, sarkin Ming ya rataye kansa, Manchu suka shigo suka kore 'yan tawayen. Ragowar gidan Ming suka naɗa sabon sarki a Nanjin. Irin haka ta taɓa faruwa ga daular Song a 1127, ta rasa arewa, amma ta riƙe kudu shekara 150. Da Ming ta yi haka, da an sami sarki mai rauni, wanda ba shi da abin biyan soja sai abin da masu gonaki da attajiran kudu suka yarda suka ba shi, ga kuma dubban malamai masu ƙungiya da suka san zafin mulkin mutum ɗaya. A irin wannan ciniki ne majalisu ke haihuwa: ka ba mu murya, mu ba ka haraji. Huang da abokansa suna da tsarin a kansu. Amma fadar Nanjin ta ƙare shekararta guda tana ramuwar gayya a kan 'yan Donglin da Fushe, har Manchu suka yi kisan kiyashi a Yangzhou, suka karɓi Nanjin a 1645.

Da ta yiwu, wace irin jamhuriya za a samu? Ta masu alƙalami. Manomi ba shi da kujera a makarantar Huang, mace balle. Amma kada wannan ya sa a raina ta. Majalisar Ingila ta masu ƙasa ce har ƙarni na 19, da yawa daga waɗanda suka kafa Amurka kuma masu bayi ne. Ƙofa in ta buɗe kaɗan, na baya su kan tura.

Inda shakkata ta ke shi ne a kan malaman kansu. Jarrabawar ƙarshe a cikin fada ake yinta, da sunan sarki ake ba da sakamako. Darajar da ta keɓe malami daga aikin tilas da dukan dogarai, daga sarki ta fito. Wanda ya naɗa maka rawani shi ke iya warware shi. Bugu da ƙari, koyarwarsu ta ɗauki ƙungiyar siyasa abin kunya. Kalmar dang, wadda yau ke nufin jam'iyya, a da zagi ce, har sai da Ouyang Xiu ya yi rubutu a 1044 yana kare haƙƙin mutanen kirki su haɗa kai, bai kuwa tsira daga kora ba. Attajiri kuma in ya yi kuɗi, burinsa ɗansa ya ci jarrabawa ya shiga gwamnati. Ta haka fada ta riƙa haɗiye duk wanda zai iya tsaya mata.

Shi ya sa na fi ba da ƙarfi ga wasu mutane da ba su da digiri ko ɗaya. A tsakiyar ƙarni na 18 sarakunan Musulmi na Sambas da Mempawah, a yammacin tsibirin Borniyo, ƙasar Indunusiya ta yau, suka gayyato Sinawa haƙar zinariya. Akasarinsu 'yan ƙabilar Hakka ne daga lardin Guangdong, lardin da Guwanzu ta ke. Ba sarkin Sin a can, ba gwamna, ba jarrabawa. Sai suka haɗa jari suka kafa ƙungiyoyi da su ke kira kongsi, kalmar da Sinawa ke nufin kamfani da ita yau. Mai hannun jari yana da murya. Suna taruwa a babban zaure su zaɓi shugabanni da ma'aji, suna da shari'arsu da dakarunsu, suna karɓar haraji, har kuɗi suka buga. A 1776 ƙungiyoyi 14 suka haɗu suka yi tarayyar Heshun a Monterado. A 1777 Luo Fangbo ya kafa Lanfang a Mandor, da ya mutu a 1795 kuma ba ɗansa ne ya gaje shi ba. Wani masani ɗan Holan, de Groot, da ya yi rubutu a kansu a 1885, ya ce tushen tsarin daga ƙauyukan kudancin Sin ya fito, inda dangi da dattawa ke tafiyar da harkokinsu.

Ku da ke zaune a Sabo ta Badun ko Agege ba sai an yi muku dogon bayani ba. Kun san yadda baƙi masu neman abinci nesa da gida ke tsai da shugaba, su tara asusu, su sasanta rigimarsu ba tare da an je gaban hukuma ba. Kun kuma san yadda irin wannan shugabanci ya kan rikiɗe ya zama na gado. Haka ta sami Lanfang. Shugabanninta na baya sun karɓi muƙami daga hannun Holan, kujerar ta maƙale a gida ɗaya. Holan ta murƙushe Heshun da yaƙi a 1854, ta haɗiye Lanfang a 1884. Amma shekara ɗari da bakwai ba wasa ba ce, kuma ba wanda ya karanta musu littafin Bature. Mutanen da kuɗinsu da makaminsu ke hannunsu, da kansu suka gano zaɓe.

Abin da ya rage shi ne wannan tsari ya sami hanyar komawa gida, ita ce kuwa ba ta samu ba. Gidan Zheng, masu jiragen ruwa da fatauci, sun ƙwace Taiwan daga Holan a 1662, da sun daɗe da wataƙila an sami ƙasar Sinawa ta 'yan kasuwar teku, amma Manchu suka ci su a 1683. Fadar Beijin kuwa tana ɗaukar wanda ya ƙetare teku a matsayin wanda ya yar da ƙasarsa. Da aka karkashe Sinawa wajen dubu 10 a Batabiya a 1740, ba ta ɗaga yatsa ba. Sai a 1893 aka soke dokar hana fita.

Don haka jamhuriyar da ta zo a 1912 da tufafin waje ta zo, a hannun Sun Yat-sen, likitan da ya yi karatu a Hawai da Hong Kong. Amma 'yan gyara irin su Liang Qichao littafin Huang Zongxi suka riƙa bugawa suna rabawa a ɓoye, Sun kuma da ya tsara mulki sai ya ƙara rassa biyu na gida a kan ukun Turawa, reshen jarrabawa da reshen sa ido kan ma'aikata. Abin da ya kashe jamhuriyar shi ne tsohon ciwon nan, soja na hannun mutum ɗaya. Song Jiaoren, wanda jam'iyyarsa ta ci zaɓe, an harbe shi a tashar jirgin ƙasa ta Shanghai a watan Maris na 1913. Janar Yuan Shikai ya rufe majalisa, ya shirya naɗa kansa sarki. Abin dariya, wanda ya rubuta masa takarda a 1915 cewa sarauta ta fi dacewa da Sinawa Ba'amurke ne, Farfesa Frank Goodnow. Waɗanda suka ƙi kuwa Sinawa ne. Larduna suka yi tawaye, bayan kwana 83 Yuan ya janye, ya mutu a watan Yunin 1916. A Taiwan, inda ake karanta Konfushiyas ɗin nan dai, jama'a suna zaɓen shugabansu kai tsaye tun 1996.

Ɗan'uwana mai sarin kaya ya yi gaskiya cewa Sin ta bunƙasa tun daga 1978, wannan ba abin musu ba ne. Amma tsarin jam'iyya ɗaya da ya ke yabo shi ne dai ya ke mulki daga 1959 zuwa 1961, lokacin da yunwa ta kashe miliyoyin mutane barkatai sanadin shirin Mao na gaggauta masana'antu. Ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao wasiƙa a taron Lushan a 1959 yana nuna kurakuran shirin, aka tuɓe shi. Ba da daɗewa ba wani masanin tarihi, Wu Han, mataimakin magajin garin Beijin, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Hai Rui, mai akwatin gawar nan. A watan Nuwamba na 1965 aka far wa wasan a jarida, aka ce habaici ne ga Mao a kan korar Peng, daga nan kuma aka kunna wutar juyin al'adu da ta ci shekara goma. Wu Han a kurkuku ya mutu a 1969.